Shawara: Na kusa sittin, iyalina sun ce in daina gudu

Wani magidanci ya rubuto daga unguwar Nima a birnin Accra na Ghana yana cewa: "Assalamu alaikum. Shekaruna 57, nauyina kilo 88, ina wuni a zaune a shago. Da ƙuruciya na buga ƙwallo sosai. Shekara uku ke nan ina shan amlodipine saboda hawan jini. Wata huɗu da suka wuce na shiga ƙungiyar motsa jiki ta kif-fit, duk Asabar muna hawan dutsen Aburi daga Ayi Mensah zuwa Peduase, mu sauko da gudu. Na ji daɗin jikina, amma yanzu gwiwata ta dama da agarata ta hagu suna ciwo har ranar Talata, sujada ma da ƙyar. Uwargida da yara sun ce in daina, wai ba girmana ba ne, kuma suna tsoron kada in yanke jiki in faɗi a hanya. Ni kuwa burina in yi rabin gudun fanfalaki kafin in cika sittin. In haƙura ne?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kada ka haƙura, amma yadda kake yin abin dole ya canza tun daga wannan Asabar ɗin. Ciwon nan ba shekaru ne kaɗai suka kawo shi ba. Kwana shida kana kan kujera, sai rana ɗaya ka ɗora wa ƙafafunka aikin mako guda, a kan dutse, kuma da saurin samarin da ka haifa. Ɗan shekara talatin ma in ya yi haka zai ji a jikinsa, sai dai shi zai warke cikin kwana biyu, kai kuwa kana buƙatar huɗu.

Tsoron iyalinka yana da tushe, don haka da shi za mu fara. Sanannen abu ne a wurin likitocin zuciya cewa aikin ƙarfi na farat ɗaya yana ɗaga haɗarin bugun zuciya na ɗan lokaci, kuma haɗarin ya fi yawa ga wanda bai saba motsa jiki ba sai jifa-jifa. Wanda yake yi a kai a kai, haɗarin nan yana raguwa sosai a gare shi. Wato tsarin da kake kai yanzu shi ne mafi haɗari, ya fi na mai fita sau huɗu a mako. Kafin ka sake hawan dutse ka je asibiti, ko na Maamobi da ke kusa da kai ko asibitin sojoji na 37, ka faɗa wa likita ƙarara cewa gudu kake son yi. A auna hawan jini, da sukari kafin ka karya, da kitsen jini, da aikin ƙoda, a kuma yi maka gwajin zuciya na ECG. Ka gaya masa idan mahaifinka ko ɗan'uwanka namiji ya yi ciwon zuciya ko mutuwar fuju'a kafin shekara 55, ko mahaifiya ko 'yar'uwa kafin 65. Idan ya ga abin da bai gamsu da shi ba, zai tura ka cibiyar zuciya ta Korle Bu a gwada ka kana tafiya a kan na'ura.

Akwai alamomin da ba a jira da su. Nauyi ko matsi a ƙirji, musamman mai tafiya zuwa hannu, wuya ko muƙamuƙi. Hakin da ya fi ƙarfin aikin da kake yi. Jiri, duhun gani, ko zuciya ta riƙa tsalle-tsalle ba tsari. Duk wanda ya zo maka a cikinsu ka tsaya nan take, a kira 112 ko a sa ka a mota zuwa asibiti, kada a ce bari ya sha ruwa ya huta tukuna. Ka sayi na'urar awon jini ta damtse ka ajiye a gida. Ka zauna minti biyar shiru, ka auna sau biyu, safe da yamma, tsawon mako guda, ka rubuta ka kai wa likita. Ana so ya zauna ƙasa da 140/90. Ranar da ka ga ya kai 180/110 babu atisaye, asibiti za ka. Motsa jiki a kai a kai yakan sauke lambar sama da kamar 5 zuwa 8, amma wannan ba izinin ajiye magani ba ne. Likitan da ya ɗora ka a kai shi ne zai rage.

Yanzu ga abin da ke faruwa a ƙafarka. Zuciya da huhu suna saurin karɓar horo, cikin mako huɗu zuwa shida za ka ji hakin ya ragu. Agara da guringuntsi da ƙashi kuwa jini kaɗan ke isa wasunsu, sabuntawarsu a hankali take, sai an yi watanni kafin su yi ƙwari. A nan ne tsofaffin 'yan ƙwallo ke faɗawa: numfashi ya dawo, zuciya tana cewa a ƙara, jijiyoyi kuwa suna baya da wata uku. Kowane taku na gudu yana sauke wa ƙafa ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki, a gare ka wajen kilo 200 ke nan ko fiye, sau dubbai. Hawa yana jan agara, shi ya sa ta hagu ke kuka. Gangara kuwa ta fi komai cin gwiwa, domin tsokar gaban cinya ce ke taka birki a kowane taku, ƙoƙon gwiwa yana dannuwa a kan ƙashin da ke bayansa. Saukowa Aburi da gudu shi ne abu na farko da za ka bari. In ka koma hawan nan gaba, ka sauko da tafiya da gajerun taku, ko ka hau motar haya ta trotro ka dawo Ayi Mensah ka jira 'yan ƙungiya. Babu abin kunya a ciki.

Maganar da ake yi a zango cewa gudu yana cinye gwiwa ba ta tabbata ba ga mai yi daidai wa daida. Wani babban nazari da aka fitar a 2017, wanda ya tattara bayanan mutum sama da dubu 100, ya sami amosanin gwiwa ko ƙugu a wajen kashi 3.5 cikin 100 na masu gudun motsa jiki, kashi 10 a masu zaman kawai, kashi 13 a 'yan gasar da suka yi shekaru suna tara kilomita masu yawa. Wannan bai nuna gudu magani ba ne, amma ya nuna zama ba kariya ba ce. Sai dai dole ka iya bambance ciwo. Ka ɗauki ma'auni daga 0 zuwa 10. Ciwon da bai wuce 3 ba, bai sa ka ɗingishi ba, kuma ya lafa kafin washegari, ana iya aiki da shi. Tsamin tsoka a ɓangarorin biyu bayan sabon atisaye shi ma ba komai, yana wucewa cikin kwana biyu ko uku. Amma gwiwa ta kumbura, ko ta maƙale, ko ta riƙa zamewa kamar za ta kā da kai, wannan na likitan ƙashi ne. Haka ciwon da za ka iya ɗora yatsa ɗaya a kansa a ƙashin ƙwauri ko bayan ƙafa, yana iya zama tsagewar ƙashi. Sha-raɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi ba tare da ka bugu ba, ka je a ranar, domin yana iya zama gudan jini. Tun da naka ciwon yana kai Talata kuma yana hana sujada, ka nuna shi a wannan zuwan, a haɗa ka da masu gashin ƙashi na asibiti.

Idan likita ya sallame ka, mako huɗun farko babu gudu ko kaɗan. Tafiya ce mai ɗan sauri a shimfiɗaɗɗen wuri, minti 30, sau huɗu ko biyar a mako. A cikin waɗannan makonni za ka fara aikin da zai riƙe ka har tsufa, wato ƙarfafa tsoka, sau biyu a mako, minti 20 zuwa 25. Mutum yana rasa kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a kowace shekara goma bayan talatin, abin kuma yana ƙara sauri bayan sittin. Gudu kaɗai ba ya tare wannan asara. Ba ka buƙatar gidan ɗaga ƙarfe. Ka zauna a kujera mai ƙwari ka miƙe ba tare da dafa komai ba, sau 10 zuwa 12, ka huta minti ɗaya, ka maimaita har zagaye uku. Wajen komawa zaune ka ƙirga uku, kada ka faɗa. In ya yi sauƙi ka rungumi jarka, wato galan Kufuor, mai ruwa lita 5, daga baya 10, tun da kowace lita kilo ɗaya ce. Sai hawa matakala mai tsayin santimita 15 zuwa 20, ƙafa ɗaya sau 10 sannan ɗayar, kana lura kada gwiwa ta karkata ciki. Sai ka kwanta rigingine a kan tabarma, gwiwoyi a lanƙwashe, ka ɗaga ƙugu sama ka riƙe daƙiƙa biyu, sau 12. Ka ƙara da tura bango ko gefen tebur da hannuwa, da tsayuwa a ƙafa ɗaya daƙiƙa 30 kusa da abin dafawa.

Na agara shi ne mafi muhimmanci a gare ka, shi ya sa na ware shi. Ka dafa bango, ka yi ɗage a kan yatsu da ƙafa biyu, ka sauko a hankali cikin daƙiƙa uku, sau 15, zagaye uku. Bayan mako biyu ka hau da ƙafa biyu ka sauko da mai ciwon ita kaɗai. Idan ciwon yana tsakiyar agarar, sama da diddige da kamar yatsu biyu ko uku, za ka iya yi daga baya a bakin matakala kana barin diddige ya ɗan zarce ƙasa. Idan kuwa daidai inda ta manne da ƙashin diddige yake, ka tsaya a daɓe kawai, domin zarcewar tana matse wurin ta ƙara masa ciwo. Ka ba shi mako 12 kafin ka yanke hukunci, agara ba ta da gaggawa. Kuma a duk waɗannan atisayen kada ka riƙe numfashi kana nishi. Riƙewar tana harba jini sama nan take. Ka fitar da iska lokacin da kake yunƙurin.

Ranar da ka iya tafiyar minti 30 da ɗage 15 a ƙafa ɗaya ba tare da ciwon ya wuce 3 ba, sai a shigo da sassarfa. Kwana uku a mako, ba a jere ba, misali Talata, Alhamis da Asabar. Ka fara da tafiyar minti 10 don jiki ya ɗumama. Sannan sassarfa minti 1, tafiya minti 2, sau 8. Mako biyu a haka. Sai minti 2 da 2, sai 3 da 1, sai 5 da 1, sai 8 da 1, kowane mataki mako ɗaya ko biyu gwargwadon yadda ƙafa ta kwana. Kowane mako na huɗu ka rage aikin da kashi ɗaya bisa uku ko da kana jin ƙarfi, domin a lokacin hutu ne jiki ke gina abin da atisaye ya nema. Wajen wata na biyar za ka iya kilomita 5. Wajen wata na takwas ko tara, kilomita 10. Daga nan sai ka ware fita ɗaya a mako ta zama doguwa, kana ƙara mata kilomita ɗaya, wani makon ka koma baya, har ta kai 16 zuwa 18. Rabin fanfalaki kilomita 21.1 ne, kuma wanda ya saba da 18 zai ƙarasa shi. Duka-duka shekara ɗaya da rabi ke nan idan babu tangarɗa, kai kuwa kana da kusan uku. Kada ka haɗa ƙarin nisa da ƙarin sauri a mako ɗaya. Kuma in ka ga cakuɗa gudu da tafiya ya fi yi wa gwiwarka daɗi, ka zauna a kansa har ranar gasar, mutane da yawa da haka suke kammalawa.

Saurin da ya dace shi ne inda yawancin mutane ke ɓata aikin. Ka yi gudun da za ka iya yi wa na kusa da kai cikakkiyar magana ba tare da ta yanke ba. In kalma biyu-biyu kake fitarwa, ka yi sauri. Mai son lissafi ya ɗebe kashi bakwai bisa goma na shekarunsa daga 208. A gare ka zai ba da kusan 168, ƙololuwar bugun zuciyarka ke nan a minti, bisa ƙiyasi. Yawancin fitarka ta zauna tsakanin kashi 65 da 75 cikin 100 na wannan, wato 109 zuwa 126. Ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ka ƙirga na daƙiƙa 15, ya kama 27 zuwa 31. Amlodipine ba ya taɓa wannan lissafi sosai, amma da za a canza maka zuwa atenolol ko bisoprolol, bugun zai sauka, sai ka bar lissafi ka koma ga gwajin magana. Da farko za ka ga kamar wasa kake yi, samarin ƙungiya za su wuce ka. Ka bar su. A wannan saurin ne zuciya ke ƙara yawan jinin da take turawa a bugu ɗaya, ƙananan hanyoyin jini ke yaɗuwa a cikin tsoka, kuma shi ne saurin da za ka iya maimaitawa jibi. Sai bayan wata shida ka sa ɗan sauri sau ɗaya a mako, minti 2 sau huɗu ko biyar da tafiya a tsakani. Aburi kuwa ya zama sau ɗaya ko biyu a wata, da tafiya, a madadin doguwar fita.

Zafin Accra abokin lissafi ne. Rana takan kai digiri 31 zuwa 33 daga Fabrairu zuwa Afrilu, iska kuma jiƙe take da laimar teku, gumi yana zuba amma ba ya bushewa, kuma bushewarsa ce ke sanyaya jiki. Da shekaru kuma jin ƙishirwa yana raguwa. Lokacinka shi ne daga sallame Asuba zuwa bakwai saura, kafin ka buɗe shago. Ka sha rabin ledar fiya wata kafin ka fita. Fitar da ba ta kai awa ba ba ta buƙatar komai sai ruwa bayanta. Wadda ta wuce awa, leda ɗaya ta mililita 500 a kowace awa, kurɓi-kurɓi, ko ɗan fiye in kana da yawan gumi. Don ka san naka, ka hau sikeli kafin fita da bayan dawowa: kowane kilo da ya ragu lita ɗaya ce ta ruwa. In ragin ya kai kilo 2, ruwan da ka sha bai isa ba. In nauyin ƙaruwa ya yi, ruwan da ka sha ya wuce kima, kuma wannan ma haɗari ne domin yana tsinka gishirin jini har mutum ya ruɗe. Ruwan gishiri da sukari, wato lita ɗaya da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, sai fitar da ta haura awa ɗaya da rabi, tun da kana da hawan jini. Rigar leda da wasu ke sawa wai don su narkar da tumbi ka nisance ta ƙwarai. Ruwa kawai take fitarwa, kitse yana nan, kuma tana iya kai mutum ga bugun zafi. In ka ga abokin tafiya ya fara tangaɗi ko maganarsa ta rikice, a kai shi inuwa, a cire masa kaya masu nauyi, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi ana fifita, a nemi mota a lokaci guda. Da hunturu kuma, ranar da hazo ya rufe gari ka rage nisa ko ka yi na tsoka a gida.

Ka guji bakin babban titin Nima da na Kanda saboda hayaƙi da okada da buɗaɗɗun kwatoci a cikin duhu. Filin Kawukudi yana kusa, ƙasarsa ta fi kwalta sauƙi ga ƙafa, harabar jami'ar Legon kuma ta dace da doguwar fitar Asabar. In dole ka bi titi, ka kama hagu kana fuskantar motoci, da riga mai haske. Wando mara nauyi mai rufe gwiwa ya wadatar. Takalmin gudu yakan mutu bayan kilomita 500 zuwa 800 ko da samansa yana ƙyalli. In na gwanjo za ka saya a Kantamanto, ka ajiye shi a kan tebur ka duba ta baya ko ya karkata gefe, ka danna soson tsakiya da babban yatsa ka ga ko yana dawowa, ka duba ko ya yi tamoji. Ka gwada da yamma sanye da safa, ka bar faɗin yatsa ɗaya a gaba. Mai ciwon agara ya fi jin daɗin takalmin da diddigensa ya ɗan fi gaba tudu.

Magunguna uku nake so ka riƙe sunansu. Diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake saya a kemis kamar alewa: kada ka sha su don ka iya fita gudu. Suna ɓoye ciwon da ke gargaɗinka, suna ɗaga hawan jini, kuma in sun haɗu da ƙarancin ruwa a jiki suna iya lahanta ƙoda. Na uku ciprofloxacin, wanda ake yawan bayarwa in an ce taifod. Shi da danginsa suna raunana agara har takan tsinke, haɗarin kuma ya fi ga wanda ya haura sittin. In za a rubuta maka, ka ce kana da ciwon agara kuma kana gudu. In ya zama dole ka sha, ka ajiye gudu har likita ya ce ka koma. Zazzaɓi kowane iri, na cizon sauro ko mura mai zafin jiki, babu fita. Bayan maleriya ka gama maganinka, ka ƙara kwanaki kana tafiya kawai, sannan ka koma da rabin abin da kake yi a da. Lemukan ƙara kuzari da jiƙe-jiƙen kwalba da ba a san abin da ke cikinsu ba, ba na mai hawan jini ba ne.

Abincin zango yana da duk abin da kake buƙata, rabon ne ke son gyara. Mai shekarunka da ke atisaye yana son furotin kamar giram 1.2 ga kowane kilo na nauyinsa, wato wajen giram 100 a wuni, a rarraba shi sau uku, muddin gwajin ƙoda ya fito lafiya. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kifi ko nama mai girman tafin hannu 20 zuwa 25, kofin dafaffen wake wajen 13. Koko da ƙosai kaɗai ba su kai ba, ka ƙara ƙwai biyu ka rage sukari. In waakye ne, wato shinkafa da wake, a ƙara kifi da ƙwai da ganye, a rage taliya da gari. Da dare tuwon zafi da miyar ayoyo, malmala ɗaya, nama ko wagashi a kai. Gishiri kada ya wuce giram 5 a wuni, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya da koobi (busasshen kifi mai gishiri) da yajin shito duk suna cikin lissafin. Kada ka matsa wa kanka yunwa don nauyi ya sauka da sauri, tsoka za ka zubar. Rabin kilo a mako ya isa. Barci awa bakwai, in dare bai ba ka ba ka cike da ƙailula.

Da azumi ba a neman ci gaba, riƙe abin da aka samu ake yi. Tafiya mai sauƙi minti 20 zuwa 30 dab da Magariba, ko sassarfa bayan Tarawihi in abinci ya faɗa. Doguwar fita da hawan dutse a ajiye su sai bayan Salla. Ka tambayi likita lokacin da za ka mayar da maganinka. Mai ciwon sukari da ke karanta wannan, musamman mai allurar insulin ko glibenclamide, kada ya yi atisaye da azumi a bakinsa sai da tsarin likita, kuma ko ba azumi ya riƙa fita da dabino ko sukari a aljihu.

Batun girma kuwa, ni ban ga inda gudu ya rage wa dattijo mutunci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2020 ta nemi manya, har da waɗanda suka haura 65, su yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da ƙarfafa tsoka kwana biyu. Ed Whitlock na Kanada ya kammala cikakken fanfalaki, kilomita 42.2, a Toronto a 2016 cikin ƙasa da awa 4 yana da shekara 85. Ba a ce ka zama shi ba, shi ya daɗe a harkar, amma ya nuna iyakar jikin ɗan Adam ta fi inda muke ajiye ta nisa. Abin da ya fi wannan kusa da mu shi ne dattawan da muke gani a sahu suna salla a kan kujera tun ba su kai saba'in ba, da alhazan da ake turawa a keke tsakanin Safa da Marwa, tafiyar da ba ta fi kilomita 3 da 'yan kai ba. Ƙafar da kake ginawa yanzu ita ce za ta tashe ka daga sujada nan da shekara ashirin, in Allah ya kai mu. Ka je asibitin tare da uwargida ta ji da kunnenta. Ka nuna wa yaran takardar gwajin da littafin awon jininka. Ka riƙa fita da waya da wata 'yar takarda mai sunan maganinka da lambar gida, kuma kada ka yi doguwar fita kai kaɗai. In Hajiya za ta yarda ta bi ka tafiyar mako huɗun farko, ita ma ta samu, domin ƙashin mata yana saurin yin rauni bayan ɗaukewar al'ada, tafiya da ɗaga nauyi kuma suna rage hakan.

In lokacin gasar ya zo, ka zaɓi wadda ake tashi da sassafe, ka fara gwada kanka a ta kilomita 5 da ta 10 tukuna. Mako biyu kafin ranar ka rage nisa zuwa rabi. Kada ka sa sabon takalmi ko ka ci abin da cikinka bai sani ba, kuma ka sha maganinka yadda ka saba. Kilomita biyar na farko ka yi su a hankali fiye da yadda zuciyarka ke so, domin ɗokin taro yana sa mutum ya ƙone ƙarfinsa tun da wuri. Bayan ka tsallake layi kada ka tsaya cak. Jijiyoyin jinin ƙafa a buɗe suke, amlodipine yana ƙara buɗe su, in ka tsaya jini zai taru a ƙasa jiri ya ɗebe ka. Ka ci gaba da tafiya minti 10, kana kurɓar ruwa, sannan ka zauna. Wannan ka riƙa yin sa bayan kowace fita tun daga yanzu, har da ta filin Kawukudi.